Hakkin Tsohon Kare A Kan Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum da dabba, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da aka kai wa wani malami a zaurensa a garin Mada, cikin ƙasar Gusau. Mai tambayar dattijo ne manomi, wanda kan taɓa farauta da rani. Ya zo bayan sallar La'asar, ya zauna gefe har ɗalibai suka gama ɗaukar karatu, sa'an nan ya matso ya rage murya, domin yana jin nauyin a ji shi ya kawo zancen kare a gaban littattafai.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da kare, shekararsa 11 a hannuna. Shi ke kore mini birai daga gona, shi ke kwana bakin garken awakina. Yanzu ya tsufa. Haƙora sun zube, ido ya yi hazo, ƙafafun baya ba su ɗaukarsa sai da ƙyar. Yara sun ce a kai shi daji a yar. Maƙwabcina ya ce a sa masa guba a tuwo kowa ya huta. Wani kuma ya ce in sayar wa fatake. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Mene ne hukunci?"

Malamin ya ce, "Baba, ɗaga muryarka, babu abin kunya a nan. Manyan malamai sun yi wannan magana tun ƙarnoni da suka wuce, tana kuma cikin littattafan nan da ka ke gani a gabana."

Da ya ke akwai irin wannan dattijo da yawa a ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, manoma da makiyaya da mafarauta, ya kyautu a shimfiɗa amsar daki-daki yadda kowa zai amfana.

MATSAYIN KARE A SHARI'A

Mutane da yawa sun ɗauka kare abin la'ana ne, wanda babu laifi ga duk abin da aka yi masa. Wannan kuskure ne. An ambaci kare a Alƙur'ani mai girma a wurare na mutunci. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Ya halatta cin naman da karen farauta wanda aka horar ya kamo wa mai shi, idan an ambaci sunan Allah. A cikin Suratul Kahfi kuwa an ba da labarin samarin da suka gudu da addininsu zuwa kogo, ba a bar karensu a baya ba, har yadda ya kwanta a bakin kogon an faɗa. A Suratul An'am, aya ta 38, an sanar da cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar yadda mutane su ke al'umma.

A mazhabar Imam Malik, wadda ita a ke bi a ƙasar Hausa, kowace dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta, malaman mazhabar sun ɗauke shi a kan bin umurnin Annabi tsantsa, ba domin ƙazantar karen ba. Mazhabar Shafi'i da ta Hambali sun saɓa a nan, suna ganin najasa ne.

Amma fa ajiye kare yana da iyaka. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare ba domin farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kowace rana da ƙiraɗi guda, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya gina hukuncin da ke cikin Risala. Masu sharhin Risala sun kuma kawo labari cewa katangar gidan Ibnu Abi Zaidin ɗin ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Daga nan malamai da dama suka haɗa karen gadin gida da waɗancan uku idan akwai bukata ta gaskiya. Mutanen ƙauyukan Zamfara, waɗanda suka san darajar haushin kare da tsakar dare, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

To, karen dattijon Mada karen gona ne da garke. Ajiye shi halal ne tun farko. Sauran magana ita ce, me ya rage a kan mai shi bayan ƙarfin karen ya ƙare?

AN CI MORIYAR GANGA

Hausawa kan zargi wanda ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Shari'a ma ta zarge shi. Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar, a babin ciyarwa, cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta. Masu sharhi suka faɗaɗa, har suka kawo misalin kyanwar da ta makance a gidan mutum ta kasa fita neman abinci. Suka ce ciyar da ita ya hau kansa. Idan wannan ne hukuncin kyanwar da ta shigo gida da ƙafarta, ina ga karen da mutum ya ɗauko tun yana ɗan kwikwiyo, ya mori ƙarfinsa shekara goma?

Babban malamin nan na Sham da Masar, Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a shekara ta 660 ta Hijira, ya jera hakkokin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Abin da ya fara da shi shi ne a ciyar da su irin ciyarwar da ta dace da su, ko da sun naƙasa ko sun yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da su. Watau wajibcin ciyarwa bai rataya a kan amfani ba, ya rataya ne a kan rai da kuma mallaka.

Tushen wannan duka hadisai ne ingantattu. Imam Malik a Muwaɗɗa, da Buhari da Muslimu, sun ruwaito daga Abu Huraira labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana lallage yana lasar danshin ƙasa. Ya koma cikin rijiyar ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da karen, sai Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka yi mamaki ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai. Haka kuma an ruwaito labarin wata mace mai aikata alfasha daga Bani Isra'ila, wadda aka gafarta mata saboda ta shayar da kare da takalminta. A ɗaya gefen kuma ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

A lura da kyau. Karnukan da aka shayar a hadisan nan biyu ba na masu shayarwar ba ne, ba su taɓa yi musu gadi ko farauta ba. Duk da haka aka gafarta musu. Kyanwar kuwa tana hannun matar, shi ya sa aka kama ta. Tsohon kare da ke kwance a bayan gida, wanda ba ya iya tashi neman abinci, tsufa ta riga ta kulle shi kamar yadda aka kulle waccan kyanwa. Idan mai shi ya kau da kai, ya shiga haɗari babba.

Wani zai tambaya, tun da karen ya daina gadi, ci gaba da riƙe shi ba zai rage lada ba? Abin da ya fi bayyana shi ne, wanda ya mallaki kare ta hanyar da aka yarda, sa'an nan ya ci gaba da ciyar da shi bayan ya gaza, yana sauke nauyi ne da ke kansa, kamar mai makauniyar kyanwa. Bai yi kama da wanda ya sayo kare don ado ko wasa ba. Sai dai a kiyaye hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da kare ya ke. Saboda haka makwancinsa ya kasance a waje, kusa da garke ko gindin rumbu, ba cikin ɗakin kwana ko wurin salla ba.

YADDA A KE JIYYAR TSOHON KARE

Kare na tsufa da wuri. Wanda ya samu kulawa kan kai shekara 10 zuwa 13, karnukan ƙauye kuwa da yawa ba su kai haka. Alamun tsufa a bayyane su ke: furfura a baki, zubewar haƙora, yana a ido, raunin ji, ciwon gaɓoɓi, yawan barci, wani lokaci da kasa riƙe fitsari. Ba dukkansu ne alamun mutuwa ba. Kare na iya makancewa ya rayu shekaru cikin kwanciyar hankali, domin hancinsa ya fi idonsa yi masa aiki, muddin ba a sauya masa wurin kwana da wurin ruwa ba.

Abin da a ke bukata ba shi da tsada. Na farko ruwa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Gusau kan kai awo 40, kare kuwa ba ya zufa kamar mutum, da lallage ya ke rage zafin jiki. Tsohon da ba ya iya tafiya rafi, a ajiye masa kasko da ruwa a inuwa inda zai kai bakinsa. Na biyu abinci mai laushi. Wanda haƙoransa suka zube ba ya iya ƙashi ko busasshen ƙanzo, sai a jiƙa masa tuwo da romo ko sauran miya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini, a kuma raba shi da ƙananan karnuka lokacin ci don kada su ƙwace. Na uku makwanci. Da hunturu sanyi na tsananta ciwon gaɓoɓi, tsohon buhu ko ɗan ƙaiƙayi a wurin da iska ba ta bugawa ya isa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi don kada gefen da ya ke kwance ya yi gyambo, a kuma tsare gyambon daga ƙudaje.

Na huɗu magani. A cire masa kaska, a nemi maganin tsutsar ciki da na ƙazuwa wurin ma'aikatan dabbobi. Sau da yawa karen da a ke zaton ya zo gargara, kaska ce da tsutsa suka shanye masa jini, da an yi magani sai ya miƙe. A guji ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ka, domin wasunsu, irin su ibuprofen, na ɓata wa kare ciki da ƙoda har su kashe shi. Akwai ma'aikatan dabbobi na gwamnati a Gusau, akwai kuma tsangayar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wanda ke kai saniyarsa a duba ta domin tana da kuɗi, ya tuna cewa karen da ya tsare saniyar yana da nasa hakki.

Shari'a ba ta ɗora wa talaka abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ba a ce ya sayar da hatsin iyalinsa don jiyyar kare ba, domin ciyar da iyali na gaba. Abin da aka nema shi ne gwargwadon iko.

IDAN AN ƊEBE TSAMMANI

Akwai lokacin da magani ba ya amfani. Kare ya daina ci da sha kwana da kwanaki, ko ƙari ya cinye masa jiki, ko mota ta karya masa gadon baya, yana kwance cikin ƙazantarsa yana kuka dare da rana. Shin ya halatta a gaggauta masa mutuwa don a hutar da shi? A nan malamai sun kasu biyu.

Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana. Hujjarsu ita ce, an yi izinin yanka dabba ne don a ci, dabbar da ba a ci kuwa ba a kashe ta sai idan tana cutarwa. A wurinsu mai ita zai ci gaba da ciyarwa har ajalinta ya zo. Daga cikin Malikawa ma, Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 ta Hijira, ya kawo wannan mas'ala, ya ambaci hani.

Amma Shehu Halilu ya tafi a kan halacci. A babin yanka na Muhtasar ya ce ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta. Shehu Dardiri, wanda ya rasu a shekara ta 1201 ta Hijira, ya ƙara a sharhinsa cewa abin so ne ma, domin a hutar da ita. Asalin maganar daga Ibnul Ƙasim ne, babban almajirin Malik. An ruwaito cewa ya bambanta tsakanin dabbar da ta gaji a hanya, wadda ya ce a bar ta kada a yanka, da wadda cuta ta naƙasa har aka fid da rai, wadda ya ga yanka ta ya fi a bar ta a yashe. Dalilin bambancin shi ne ta farko ana fatan ta farfaɗo. Malaman Hanafiyya su ma sun halatta, har littafinsu Addurrul Muhtar ya ambaci kare da sunansa, cewa yanka shi ya fi idan zafin mutuwa ya kama shi. Wannan yanka don hutarwa ne kawai, ba a yi shi don a ci ba.

Saboda haka mutumin Mada da ke bin mazhabar Malik yana da hanya biyu, kowace da malamanta. Idan ya zaɓi ya yi ta jiyya har Allah Ya karɓi ran dabbar, ya yi daidai, yana da ladan haƙuri. Idan azabar ta yi tsanani ya zaɓi ya hutar da ita, ya bi maganar Halilu da Dardiri, babu zunubi a kansa. Kada ɗayansu ya zargi ɗaya.

Sai dai halaccin na da sharuɗɗa. Na farko, ɗebe tsammanin ya zama na gaskiya, wanda ya san dabbobi ne ya tabbatar, ba zaton mai gida ba. Tsufa kaɗai ba dalili ba ne. Karen da ke ci, yana sha, yana kaɗa wutsiya idan ya ji muryar mai shi, bai kai wannan matsayi ba, ko da ba ya gani. Na biyu, niyya. Mutum ya tambayi zuciyarsa, karen ya ke so ya hutar ko kansa? Wanda ya kashe don ya gaji da ba da tuwo, sa'an nan ya kira abin tausayi, Allah Ya san abin da ke cikin ƙirji. Na uku, mai karen ne ke da wannan hukunci. Risala ta bayyana cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, biyan ƙimarsa na kansa. Maƙwabcin da ya sa wa karen wani guba ya ɗauki hakki biyu, na dabba da na ɗan'uwansa. Na huɗu, hanyar da za a bi.

KYAUTATAWA HAR A WURIN KISA

Hadisi na 17 cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda Muslimu ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, yara ma sun haddace shi a makarantun Islamiyya. Ma'anarsa ita ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Manufar malaman da suka halatta ita ce a gajarta azaba. Duk hanyar da ta ƙara azaba ta rushe dalilin halaccin.

A yau hanya mafi sauƙi ita ce allurar da likitan dabbobi ke yi a jijiya. Maganin sa barci ne mai ƙarfi, dabbar kan yi barci nan take, numfashi da bugun zuciya su tsaya cikin 'yan mintoci ba tare da ta ji zafi ba. Inda ba a iya samun likita, sai a nemi ƙwararren da hannunsa ba ya rawa, ya gama da sauri a bugu guda, nesa da idon yara da sauran dabbobi.

Bayan haka a haƙa rami mai zurfi a binne. Ba a yi wa dabba wanka ko salla, amma jefar da mushe a kan juji ko kusa da rijiya cutar da jama'a ne. Wanda aka yi wa allura kuwa, maganin na nan cikin namansa, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya ci.

ABIN DA BA SHI DA MADOGARA

Shawarwari uku da aka ba dattijon Mada, babu wadda ta tsira. Kai tsohon kare daji a yar, ko a ɗaure shi a gindin itace a tafi, kisa ne da yunwa da ƙishirwa, shi ne ainihin laifin mai kyanwa. Waɗanda suka halatta hutarwa da waɗanda suka hana, duk sun haɗu a kan cewa ba a barin dabba ta mutu da yunwa a hannun mai ita.

Guba kuwa, irin maganin ƙwari ko na ɓera da a ke zubawa a abinci, tana sa dabba shure-shure da kumfar baki na tsawon lokaci, wata ma kwanaki ta ke ɗauka. Sau da yawa kuma kaji ko awaki kan ci ragowar, har yaro ƙarami na iya kai hannu. Haka nan sakar wa yara kare su yi ta jifa da duwatsu, ko a ja shi da igiya, ko a jefa shi tsohuwar rijiya, duk azabtarwa ce haramtacciya, tana kuma busar da zuciyar yaran.

Game da sayarwa, Risala ta kawo hani a kan cinikin karnuka, ta kuma ambaci saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. Ko a wurin masu sassauci, sun yi maganar karen da mai saye zai yi farauta ko kiwo da shi ne. Tsohon da ba ya iya tsayuwa, wanda za a cusa cikin keji a yi doguwar tafiya da shi cikin rana, me mai shi zai ce ya sayar in ba amana ba?

MAHAUKACIN KARE HUKUNCINSA DABAN

Duk abin da ya gabata a kan kare mai tsufa ne ko mai ciwon da ba ya yaɗuwa. Kare mai cizon mutane kuwa yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya yi izinin kashewa ko da mutum yana cikin harami. Mafi haɗarinsu shi ne mai ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Wajibi ne a san bambanci. Raunin tsufa a hankali ya ke zuwa, cikin watanni. Hauka kuwa cikin kwanaki ta ke sauya kare: ya riƙa cizon duk abin da ya gani, muryarsa ta sake, yawu na dalala. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa, sai dai muƙamuƙi ya saki, jiki ya shanye farat ɗaya. Irin wannan kada a sa masa hannu a baki da zaton ƙashi ne ya maƙale, kada kuma a ce za a kama shi a yanka. A nisanta yara, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya jiran alama. Idan karen da ya yi cizon yana da mai shi kuma lafiyarsa ƙalau, a tsare shi ana ba shi abinci kwana 10 ana lura. Rigakafi kuwa ya fi magani. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a Faransa, a Nijeriya kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta karnuka. Yi wa kare wannan allura a kan kari yana cikin hakkin maƙwabta a kan mai kare.

GARGAƊI

Kada wani ya ɗauki wannan hukunci ya kai kan ɗan Adam. Alƙarafi ya faɗa a wurin da ya kawo mas'alar cewa malamai sun haɗu a kan haramcin gaggauta wa mutum mutuwa kome tsananin ciwonsa. Mutum yana da lada a kan haƙurinsa, ciwo na kankare masa zunubi, ransa kuma amana ce da ba shi da ikon mayarwa da kansa. Dabba ba ta da wannan hisabi, shi ya sa aka sassauta a kanta.

Da malamin ya kai nan, sai ya tambayi dattijon, "Baba, karen nan yana cin abinci?"

Ya ce, "Yana ci, Allah gafarta Malam, in an jiƙa masa."

"Yana kuka da dare?"

"A'a, sai dai in sanyi ya yi yawa."

Malamin ya ce, "To, lokacinsa bai yi ba. Koma ka yi masa shimfiɗa, ka sa a duba shi. Ka kuma sa yaran nan da suka ce a yar da shi su riƙa kai masa ruwa da hannunsu, domin yadda suka ga an yi da wanda ƙarfinsa ya ƙare, haka za su ɗauka a ke yi. Ranar da ya daina ci, ciwo ya hana shi barci, masu sani suka ce babu sauran dabara, ka san hanyoyi biyu da malamai suka shimfiɗa, ka zaɓi wadda zuciyarka ta natsu da ita."

Dattijon ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida kafin Magariba.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya sanya tausayi a zukatan bayinSa, Ya gafarta abin da aka yi wa dabbobi cikin jahilci. Allah Shi ne Mafi sani.